Ranar da Na Dawo da Lawal Gida a Akwatin Biskit

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na turo ɗana na fari a cikin akwatin biskit tun daga filin makaranta har ƙofar gida ba, 'yan firamare na biye da ni suna rera waƙar da ni na koya musu da bakina. Tun kafin mu yi nisa bari in sauƙaƙa muku aiki. In kuna neman wawan da ke cikin labarin nan, kada ku wahalar da idanunku, ga shi nan shi ke ba ku labarin. Jikokina ne suka matsa in rubuta, wai kada in mutu da shi. (Ba su san rabin masu furfurar Daura sun haddace shi tun kafin a haife su ba.)

Rediyo ne ya tono mini shi. Shekaranjiya da hantsi ina zaune a zaure na ji ana hira da wasu likitoci, wai ya kamata hukuma ta sa doka a kan masu tallar kayan zaƙi ga yara, don ƙiba ta fara yi wa yaran yanzu yawa. Na kashe rediyon na yi ta dariya ni kaɗai har tari ya sarƙe ni. Dokar da suke ta kai gwauro suna kai mari a kanta, ina wurin aka kafa ta, shekara kusan hamsin ke nan, a gindin darbejiya. Kuma a kaina aka kafa ta.

Lokacin nan ne da kuɗin fetur suka fara shigowa ƙasa kamar an fasa dam. Ma'aikaci ya sayi babur, masinja ya sayi rediyo mai kaset, mai gadi ma ya fara shan shayi da madara. Kowa ya samu sai ni. Ni malamin sikeli ne a wajen awon gyaɗa, ilimina aji huɗu na elementare (na so in yi na biyar, lissafi ne bai so ba), to sai ciwo ya faɗa wa gyaɗa a gonaki, kaka ta zo babu abin aunawa. Sikeli ya koma rataye a zaure yana tsatsa, ni kuma na koma zaman benci a ƙofar kantin Emeka.

Emeka ɗan kasuwa ne daga kudu, ya tafi lokacin yaƙi, da aka gama ya dawo ya buɗe kantinsa. Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Wata rana ya dawo daga sayayya da wani keke mai ƙafa uku, da ƙaton akwati a gaba. A jikin akwatin an zana wani yaro mai kumatu kamar an hura balan-balan, yana riƙe da biskit, a ƙasansa an rubuta da jan fenti: ƘIBA ITA CE LAFIYA. A bisa akwatin kuma ga lasifika mai batir.

Ya ce, "Malam, kai dai Allah ya ba ka baki, ko sanƙira sai ya sara maka. Kamfanin biskit ne ke neman mai yi musu talla a Daura. Za ka iya?"

Na ce, "Wa zan sayar wa?"

Ya ce, "Mutumin kamfani ya ce kada ka ɓata yawunka a kan manya. Babba in ya ga biskit, buhun gero yake tunawa. Yaro za ka kama. Shi zai kama uwarsa, uwarsa ta kama ubansa."

A lokacin na ɗauki maganar nan hikima ce. Har na sa ya maimaita mini don in haddace.

Aka ba ni jar hula da farar riga mai aljihu biyu. Tun daga ranar na hana kowa kiran sunana, sai dai Wakili, wato wakilin kamfani. (Kamfanin da ban taɓa ganin ƙofarsa ba, shi ma bai san da zamana a duniya ba.) Sa'ar da na taka kuwa, shekarar ce gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga firamare kyauta. Makarantar unguwarmu ta cika ta batse, har a gindin itace ake aji. Ni kuwa na kafa kekena daidai bakin ƙofa, ƙarƙashin wata darbejiya, na buɗe lasifika. Na ƙirƙiro waƙa da kaina, ina alfahari da ita har yau duk da abin da ta jawo mini:

Mai Kumatu, Mai Kumatu,
Wanda ya ci ya yi kumatu,
Wanda ya ƙi ya zama kara,
Iska ta kai shi bayan gari.

Kwana uku, babu yaron da bai iya ta ba. Malamai na fama da su a kan biyu sau biyu, ni kuwa ba bulala ba tsawa sun haddace tawa. Ga kuma dabarar takarda: duk yaron da ya tara takardun biskit ya kawo, a ba shi usur, ko balan-balan, ko bajo mai hoton Mai Kumatu. Yaron da aka ba kwabon koko da ƙosai, sai ya riƙe yunwarsa ya kawo mini. Wanda ba a ba ba, ya koma gida ya yi ta birgima a tsakar gida sai an ba shi.

Kafin zuwana akwai wata tsohuwa, Iya Delu, da ta shekara da shekaru a bakin ƙofar nan tana sayar da koko da ƙosai da dafaffiyar gyaɗa. Ta san sunan kowane yaro da na uwarsa, wanda bai karya ba ta zuba masa ko ba ko kwabo. Da na zo sai tukunyarta ta riƙa komawa gida rabi. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Kullum da safe sai ta ce, "Wakili, an tashi lafiya?" Ni kuma in amsa mata ta lasifika, don a ji.

Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma wanda ya hau dokin zuciya ba ya ganin rami.

Ina da ɗa, Lawal, shekararsa tara a lokacin. Siririn yaro ne, ƙafa gare shi kamar barewa. Na taɓa ganin ya bi zabuwa a guje a bayan gari har ta gaji ya kama ta da hannu. In ana langa, kowa so yake a sa shi a ɓangarensu. To wata rana ina kallon zanen da ke jikin akwati, sai na ga Lawal ya gifta da gudu, ƙasusuwan haƙarƙarinsa ana iya ƙirgawa. Wani dattijo da ke wucewa ya ce, "Wakili, ka ce ƙiba ce lafiya, ga naka nan iska za ta kai shi bayan gari." Aka yi dariya. Na ce a raina, zane ba ya magana, amma yaro mai rai yana yi.

Duk biskit ɗin da ya farfashe a kwali nawa ne, haka muka yi da Emeka. Sai na riƙa haɗawa da madarar gwangwani, mai kaurin nan da ke bin cokali kamar zuma, in marmasa biskit a ciki in ba Lawal. Da safe kwano guda, da rana kwano guda, da la'asar kwano guda. Na hana shi langa, na hana shi bin zabbi. Na ce gudu yana zubar da abin da aka tara. In an tashi makaranta, ya zo ya zauna kusa da keke a inuwa, da bajo a ƙirji, ya yi ta ci mutane na gani. Wane yaro ne zai ƙi? Wata uku, kumatu suka fito. Wata shida, wuya ya ɓace. Wata tara, yara suka manta sunansa, sai Mai Kumatu.

Sai na tuna da sikelina na gyaɗa. Na goge tsatsar, na rataye shi a reshen darbejiya, na ɗaura masa buhu. Kowace Juma'a da an tashi yara, sai in sa Lawal a buhun in rataya, in duba allura, in sanar ta lasifika: "Jama'a ku zo ku gani! Lawal ɗana ya ƙaru! Lawal ɗan Wakili ya fi na makon jiya!"

Ku yaran yanzu ba za ku gane girman wannan ɓarna ba. Ɗan fari fa! A zamaninmu uba ba ya kama sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane, in ana yabonsa sai ya kau da kai kamar bai ji ba. Ni mahaifina har ya koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, sai "kai" ko "wancan". Ga ni nan ni kuma na rataye nawa a itace ina shelar sunansa har ana ji a bakin kasuwa. Dattawa in sun zo wucewa sai su sauya hanya. Ni kuwa na ɗauka hassada ce.

Uwarsa, Hajara, Allah ya jiƙanta, 'yar garin Babban Mutum ce, gidan masu dabbobi ta fito. Mace ce marar yawan magana, in ta yi guda ɗaya kuwa sai ka kwana uku kana juya ta. Ita ta riƙe kunyar nan yadda aka gada. Shekara tara ba ta taɓa furta sunan yaron ba, sai "yaron nan". In za ta ba shi abu mai daɗi, sai ta ajiye inda zai gani ta bar wurin. Furarta kuwa, ni dai ban sake shan irinta ba. Da kanta take surfe, ta sa citta da kanumfari daidai, ta dama da nonon da 'yan uwanta ke aiko mata. Har yau in na ji ƙamshin gero a turmi da rana tsaka sai in waiga. Kuma kowace shekara tana da rago guda a turke a kusurwar gida, tana kiwonsa don Layya: dusa da kanwa da safe, harawa da yamma, ta wanke shi, ta shafa bayansa, ta yi masa magana kamar mutum. Ragon Hajara sai an zo kallo daga wata unguwa.

Wata rana ta ajiye mini tuwo ta ce, "Malam, yaron nan ya daina cin tuwo."

Na ce, "Ya samu abin da ya fi tuwo."

Bayan sati biyu ta ce, "Malam, yaron nan in ya sunkuya alwala sai ya yi nishi. Cinyoyinsa duk sun saɓule."

Na ce, "Ci gaba ke nan. Ke me kika sani? A Ingila duk haka yara suke." (Ni da ko Zariya ban taɓa wucewa ba.)

Ta dube ni, ta ɗauki ƙwaryar dusa ta nufi ragonta.

Hedimastan makarantar, Malam Mu'azu, mutumin Dutsi ne, dogo siriri kamar sandar rake, ba ya ɗaga murya. Sau biyu yana zuwa gindin darbejiya da kansa. Ya ce, "Wakili, don Allah ka matsa da kekenka kasuwa. Yara sun daina karyawa, wasu na kuka da haƙori a aji, wasu in an fita motsa jiki sai su zauna. Jiya na kama biyu suna dambe a kan takardar biskit a cikin shara." Na ce masa hanya ta gwamnati ce, darbejiya kuma ta Allah ce. Ya ce, "To madalla," ya juya. Bayan kwana huɗu aka aiko mini da takarda: ranar Alhamis da hantsi za a yi taron iyaye da malamai, mai unguwa zai zo, malamin asibiti zai zo, kuma maganata za a yi.

Na kai wa Emeka takardar. Ya karanta ya girgiza kai. Ya ce, "Wakili, in suka tashe ka daga ƙofar makaranta, keke ya koma Kano. Kamfani ba don kasuwa ya ba da shi ba. Ka je ka lallaɓa su. Ka yi ƙasa da murya."

Lallashi? Ni? Ai ranar Alhamis sai na sa aka wanke farar rigata aka yi mata shuɗi, na sa Lawal ya sa rigar kamfani, wadda da ƙyar maɓallan suka haɗu, na hau keke na isa filin makaranta kamar mai zuwa karɓar sarauta.

An shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya. Iyaye maza sun zazzauna, mai unguwa na kan kujera, Iya Delu na can gefe da tukunyarta, yara kuma na leƙe ta tagogin aji. Hedimasta ya miƙe ya ce, "Ni ban ce kada bawan Allah nan ya nemi abincinsa ba. Ya je kasuwa ya yi ciniki da mai gemu irinsa, wanda zai iya cewa a'a. Amma yaro ɗan shekara bakwai, in ƙarya ta zo masa da waƙa da usur, ba shi da abin da zai tare ta da shi. Mu ne abin tarewarsa." Malamin asibiti ya tashi ya yi bayanin haƙora da numfashi, ya ce ƙibar da sukari ke kawowa yaro ba ƙarfi ba ce, kaya ce aka ɗora masa. Yana magana yana satar kallon Lawal, ni kuwa na ɗauka sha'awa yake yi.

Aka ce Wakili ya yi magana. Na gyara hula. Na ce, "Allah ya ba mai unguwa nasara. Jama'a, tun kakanninmu wa ya taɓa zuwa asibiti don ya yi ƙiba? Rama ce ciwo. In mutum ya dawo daga tafiya ya yi ƙiba, ba cewa muke yi wurin ya karɓe shi ba? Hedimasta mutumin kirki ne, amma ku dube shi ku dubi ɗana, ku faɗa mini wa ya fi kama da mai lafiya." Aka yi dariya, har mai unguwa ya rufe baki da hannun riga. Dariyar nan ita ta kashe ni. Da ba a yi ta ba da na zauna.

Na ce, "Kuma ba sai mun yi ta musu ba. Ga fili ga mai doki. A kawo duk yaron da koko ya raina, su yi tsere da ɗana, daga nan zuwa kukar can su dawo. In an riga shi, da hannuna zan tura keken nan in bar ƙofar makaranta."

Mai unguwa ya ce, "Wakili, a bar maganar nan. Ba a gwada 'ya'ya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai gaskiya ba ta tsoron rana."

Sai na ji an ja gefen rigata. Lawal ne. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baba, ba zan iya ba."

Wallahi na ji shi. Shekara hamsin ina gaya wa mutane hayaniya ce ta hana ni ji, yau dai na faɗi gaskiya: na ji shi sarai. Abin da ke idona a lokacin yaron nan ne mai kama zabuwa da hannu. Ban lura ni da kaina na binne wancan yaron a cikin kwanon madara ba. Na ce, "Kai, tashi, kada ka ba ni kunya."

A cikin iyaye babu mai son ba da ɗansa. Can sai Iya Delu ta ce, "In dai dole sai an yi, ga jikata nan Ladi a aji biyu. Kokon nan dai ta sani." Aka kira yarinyar. Wata 'yar firit, ƙafa ba takalmi, da ɗan kallabi ta ɗaure a ƙugu. Wani ya ce, "Wakili, mace ce fa." Na ce ko aljana ce a kawo.

Ni na busa usur ɗin, usur na kamfani.

Taku goma na farko Lawal ya yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ƙafafun sun tuna aikinsu, jikin ne ya ƙi bin su. Kumatu na rawa, maɓallin riga ɗaya ya tsinke ya yi tsalle. Ni kuwa na kama lasifika ina ta "Mai Kumatu! Mai Kumatu!" Kafin ya kai rabin fili Ladi ta taɓa kuka ta juyo. Suka haɗu a hanya, ita tana dawowa shi bai je ba. Na ga ta ɗan rage gudu ta dube shi, kamar tana jin nauyin wuce shi, sannan ta wuce. Ya ƙara taku biyar ko shida, sai ya durƙusa. Ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, ɗayan a ƙirji.

Babu wanda ya yi wa Ladi tafi. Lasifikata da na saki ce kawai ke ƙugi.

Da na isa wurinsa bakinsa a buɗe yake, numfashi na fita da wani sauti kamar na zugazugin maƙera. Ya ɗago ido ya ce, "Baba, iska ta ƙare." Malamin asibiti ya ture ni gefe, ya ɓalle sauran maɓallan, ya zaunar da shi. Iya Delu, tsohuwar da na kashe wa kasuwa, ita ta zo da faifai tana yi masa fifita tana cewa, "Sannu ɗan nan, sannu, ba laifinka ba ne." Ba ta dube ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da numfashin ya ɗan daidaita, malamin asibiti ya ce a kai shi gida ya huta, gobe a kawo shi a duba shi, kuma kada ya taka da ƙafarsa. Na durƙusa na ce ya hau bayana. Ya hau. Na yunƙura, gwiwa ta ce ba da ita ba. Na sake yunƙurawa, sai ga mu mu biyu a ƙasa, jar hula ta yi nata wuri. Daga cikin iyaye wani (na san shi, ya rasu, na yafe masa) ya ce, "Wakili, ko a kawo sikeli?"

Babu mota, babu amalanke a kusa. Abin hawa ɗaya ne a filin nan. Da hannuna na kwashe kwalayen biskit na jibge a ƙasa, mutum uku suka taya ni muka ɗaga Lawal muka sa shi a akwatin. Ƙafafunsa na reto a waje, kansa a jingine daidai saman rubutun nan na jan fenti. Na kasa taka feda don nauyi, sai turawa.

Ina cikin turawa na ji mai unguwa yana yanke magana a bayana. Ya ce daga yau, duk inda ƙarar ƙararrawar makaranta ke kaiwa, ba a tallar kayan zaƙi ga yara: ba lasifika, ba waƙa, ba kyautar usur don takarda. Mai so ya sayar ya tafi kasuwa. Aka shafa fatiha. Ka ji dokar da likitocin rediyo ke nema, ba takarda ba tambari, kuma ta yi aiki shekaru.

Sai aka buga ƙararrawar tara. Yara suka fito kamar an buɗe wa tumaki garke, suka ga Mai Kumatu a cikin akwatin Mai Kumatu. Me kuke tsammani? Suka biyo ni. Ba da mugunta ba, su a ganinsu sabuwar talla ce. "Wanda ya ci ya yi kumatu, wanda ya ƙi ya zama kara!" Muka ratsa ta gaban masu ƙira, ta gaban teloli, ta gaban kantin Emeka, wanda ya leƙo ya gani ya koma ciki ya saki labule. Lawal ya rufe fuskarsa da hannu biyu. Ni ba ni da hannun rufewa, duka biyun suna kan keke.

Da muka shiga gida Hajara na wajen turke da ƙwaryar dusa. Ta juyo ta ga ƙafafu na reto daga akwati. Ƙwaryar ta faɗi ta fashe. Sai na ji abin da ban taɓa ji ba tun ranar suna. Ta ce, "Lawal!" Da ƙarfi, har maƙwabta suka ji. Shekara tara tana riƙe da sunan nan a bayan haƙoranta, ni na sa ta sake shi. Ta ciccibe shi ita kaɗai, yaron da ya kayar da ni a fili, ta kai shi inuwa ta kwantar a tabarma.

Sauran labarin gajere ne. Keke ya koma Kano a bayan wata babbar mota. Sunan Wakili kuwa ya ƙi komawa, har yau shi ake kirana da shi, kuma na san ba don girmamawa ba ne. Da aka yi hutu Hajara ta tura Lawal Babban Mutum wajen kakansa, ya bi shanu, ya sha fura, ya ci tuwon dawa. Sai da aka shekara biyu kafin in sake ganin ya yi gudu, kuma bai ƙara kama zabuwa ba. Yanzu shi ma yana da jikoki, kullum da asuba sai ya taka har bayan gari ya dawo, shayinsa ba sukari. Bai taɓa tayar mini da maganar ba. In 'ya'yansa suka kawo wa yara kwalin biskit, sai ya dube ni kawai ya yi murmushi, ni kuma in shiga neman carbina.

Hajara ta rasu shekara goma sha ɗaya ke nan. Turkenta na nan a kusurwar gida, na hana a cire, ko da yake ba a ƙara ɗaure komai a jikinsa ba. Wani lokaci da rana in na idar da azahar sai in ja kujera in zauna kusa da shi. Abin da na koya dai, in mutum ya ba ka lasifika kyauta ya ce ka yi wa yara waƙa, ka tambaye shi me ya hana shi yi wa nasa. Kuma in mace marar magana ta ce maka "yaron nan" sau biyu, kada ka jira na uku.

Amma na ɓoye muku ƙarshen ranar, don shi ne inda ya fi ciwo. Da la'asar Lawal ya samu barci. Hajara ta samo wata ƙwarya ta koma wajen ragonta. Ni kuwa, maimakon in yi shiru irin na mai hankali, sai na ga bari in ɗan gyara rawanina da ya faɗi. Na matsa kusa na ce, "Rana ce fa ta yi zafi, ba wani abu ba. Kuma ke ma ai kiwon kike yi. Kullum kina shafa ragon nan kina murna ya yi ƙiba, ana zuwa kallo. Ni da na yi wa ɗana, shi ne ya zama laifi?"

Ba ta ɗago ba. Ta gama zuba dusar, ta karkaɗe hannunta, sannan ta ce:

"Malam, ni na san ranar da nake yi wa nawa tanadi, wuƙarsa ma tana nan a rataye. Kai wace Sallar kake jira da naka?"